"Alhaki kwikwiyo ne": wa ya bi, wa kuma ya ɗauki nauyinsa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare na gama karanta littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu na 1990, wanda ta raɗa wa suna da karin maganar nan, "Alhaki kwikwiyo ne, ubangidansa yakan bi." Ga wanda bai karanta ba: Alhaji Abdu ya auro Delu, ya kori uwargidansa Rabi mai 'ya'ya tara. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaranta, har 'yarta Saudatu ta yi aure gidan rufin asiri. Shi kuwa gobara ta cinye masa shago, Delu ta watsar da shi. A ƙarshe dangi suka taru a kan Rabi sai ta koma gidansa. Littafin ya shiga raina ƙwarai, amma har yanzu ina tambayar kaina: in kwikwiyon ubangidansa yake bi, me ya sa Rabi ce ta ƙare da ciyar da kwikwiyon da ubangidan nasa duka biyu?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Hajiya, mu fara da kalmar kanta. Alhaki daga Larabci ya zo, haƙƙi ke nan, wato abin wani da ke wuyanka. Shi ya sa muke cewa "ya ɗauki alhakina" ko "alhakin marayu ya kama shi." Wanda ya sha barasa shi kaɗai a ɗaki ya yi zunubi, amma ba ka jin an ce alhaki na bin sa. Sai an cuci wani tukuna. Lokacin da aka fassara littafin zuwa Turanci a 2012, aka buga a Indiya, kalmar da ke nufin zunubi aka sa a sunan, to a nan ma'anar ta ɗan rage. A Hausa, kana cewa alhaki an san akwai wanda aka zalunta.

Ɗan Damagaram: Malam, ni abin da ke burge ni shi ne zaɓen kwikwiyo. Ba a ce zaki ba, ba a ce kura ba. Ɗan ƙaramin abu ne da ba ka jin tsoronsa, ka kore shi ya koma baya kaɗan, ka juya ka gan shi a dugaduganka. Kuma kullum girma yake. A wajenmu tsofaffi kan ce "mai shi yake bi," duk ɗaya ne.

Uwar Biyu: To ai har yanzu ba ku amsa mini ba.

'Yar Fagge: Anti, ba za su amsa ba, maza ne! Ni na karanta shi ina aji uku a sakandare, na sake karantawa bayan aurena ya mutu, sai na ga kamar littafi biyu ne. Gobarar ba ita ce labarin ba. Labarin yana bakin murhun Rabi. Matar da aka kora daga gidanta, ga ta tana lissafin cefane da riba, yara na taya ta, 'yan uwanta sun tsaya mata. Da ta koma gidan, tukunyarta ce ke riƙe da shi, mai gidan ya zama ɗan kallo. Sai dai kada a ce mini wannan sakayya ce. Mutanen da suka tallafe ta su ne kuma suka tasa ta gaba ta koma.

Tsohon Malami: 'Yata, ai da hujjarsu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Uban 'ya'yanta ne.

'Yar Fagge: Baba, ranar da ya watso mata kaya waje, ina masu wannan karin maganar suke? Hannun namiji ne kawai ba a yankewa?

Tsohon Malami: Kin kama ni. Sai dai ina ganin da gangan marubuciyar ta bar ƙarshen da ɗaci. Ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta nemi ilimin manya. Ta san garin da take rubutu a kai.

Mai Shago a Kwari: Ku bar ni in shigo ta wani gefe, don abin ya taɓa ni. Gobara ta taɓa cin layinmu, na rasa komai. Ina zaune cikin toka wani ya wuce yana cewa alhaki kwikwiyo, wai don mun taɓa saɓani kan bashi. A layin nan akwai mutanen da ko ƙuda ba su taɓa cuta ba, su ma sun ƙone. A littafi marubuciya ta nuna mana abin da Alhaji Abdu ya shuka, mun gani da idonmu. A kasuwa wa ya ga littafin wani? Akwai alhaki, akwai jarrabawa.

Ɗan Damagaram: Allah ya mayar da alheri, Alhaji. Ni dai yadda na taso na ji ana faɗinta, gargaɗi ce kafin a yi cutar, kamar "in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere." Jifan wanda ya riga ya faɗi da ita kuwa, mai jifan ma ya samo nasa kwikwiyon.

Uwar Biyu: Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. 'Yar Fagge, kin sa zan koma babin da Rabi ta fara ɗora tukunya, da sauri na wuce shi ina ɗokin in ga abin da zai sami Delu. Amma tambayata tana nan: dangin da suka mayar da ita ba da son ranta ba, su nasu kwikwiyon yana ina?

Tsohon Malami: Wannan sai na sha shayi tukuna.