RabbitMQ ko NATS ga ƙaramar saba?

Assalamu alaikum 'yan uwa, na maƙale. Manhajar kantinmu ce a Wuse, Abuja: oda na shigowa sai saƙo ya tafi sito. Da Pub/Sub na Redis (wani tsarin isar da saƙo tsakanin kwamfutoci) na fara, ashe shi ba ya ajiye saƙo. Aka ɗauke wuta, kwamfutar sito ta mutu, duk odar lokacin ta bi ruwa. Na gwada Kafka, wani tsarin isar da saƙo mai ajiyewa, amma RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) ɗin sabarmu, wato kwamfutar da manhajar ke kai, 2GB ne kacal, Java da Kafka ke aiki da shi ya cinye, komai ya koma tafiyar hawainiya. Dama ya fi ƙarfin buƙatarmu, odarmu ba ta kai 500 a rana.

Tsakanin tsarin isar da saƙo na RabbitMQ da na NATS mai JetStream (ɓangarensa na ajiye saƙo), wanne zai adana saƙo har sito ya tabbatar ya karɓa, ba tare da ya danne wannan sabar ba?