Wa ya taɓa shiga tsohon gidan opera? Ku zo mu ji yadda ta kaya

Ummu Safwan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Aiki zai kai ni Milan wata mai zuwa in sha Allahu, kuma akwai rana ɗaya da ba ni da abin yi. Kowa sai ce min yake kada in dawo ban leƙa La Scala, tsohon gidan operan garin, ba. Ni kuwa opera ban san kanta ba, abin da na sani dai wasan kwaikwayo ne da ake rera duk maganarsa da waƙa. To in shiga da rana in ga ginin kawai, ko in daure in sayi tikitin wasan dare? Waɗanda suka taɓa zuwa, ko a Milan ko a wani gari, ku agaza.

Injiniya Bashir:
Wa'alaikumussalam Hajiya. Da farko kada fuskar ginin ta sa ki raina shi. Daga waje La Scala ba wani abin a zo a gani ba ce, za ki iya wuce ta ki ɗauka ofishin gwamnati ne. Kayan na ciki. Ni da rana na shiga, ta gidan tarihin da ke jikinta, inda suka ajiye tsofaffin kayan kiɗa da zanen fuskokin mawaƙa. Daga nan ake barin mutum ya shiga ɗaya daga cikin 'yan ɗakunan nan da ke jere a bango, hawa bisa hawa, ya leƙo babban zauren daga sama. Jan ƙyalle da ruwan zinariya ko'ina. An buɗe ta a 1778, kuma masu kuɗin garin da suka mallaki ɗakunan nan su ne suka biya kuɗin ginin. Bama-bamai sun rusa rufinta a 1943, aka sake buɗewa a 1946. Abu ɗaya: idan ana gwajin wasa ba lallai a bari a leƙa zauren ba, sai ki tambaya a ƙofa kafin ki biya.

Malam Nura:
Injiniya, ka ga gini amma ba ka ga opera ba. Hajiya, ki sayi tikitin dare, ko da mafi araha ne. Ni a Biyenna na kalla, kuma a tsaye. Suna da wurin tsayuwa a bayan kujeru da can sama, kuɗinsa kaɗan ne. A lokacin da na je, da ka samu gurbi sai ka ɗaura mayafin wuyanka a jikin ƙarfen da ake jingina, shi ke nan, ka tafi yawonka, ba mai taɓa maka wuri. Na ga wani dattijo ya warware nasa a hankali ya ɗaura, ya ciro littafin waƙar daga aljihu, har aka tashi yana bi da yatsa.

Abin da ya girgiza ni shi ne babu makirfo. Mace ɗaya, makaɗa cike da ramin da ke gaban dandamali, amma muryarta ta tsallake su ta iso har inda muke, ko lokacin da take yi ƙasa-ƙasa. Wannan ba a ganin sa da rana. Batun harshe kuma ba matsala, akwai ƙaramin allo a gabanka da ke rubuta fassarar abin da ake rerawa. Sai dai ƙafa ta sha wuya, wasan ya doshi awa uku har da hutu.

Kuma duk mai zuwa Biyenna ya kula: mutanen nan da ke tsaye a bakin ginin sanye da gashin roba da jar riga irin ta zamanin Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na da, tikitin wani taron kiɗa suke sayarwa a wani zaure daban, ba na gidan operan ba.

Aunty Jummai:
Awa uku a tsaye, Malam? Allah Ya ba da lada, ni dai a kai kasuwa.

Ƙanwata, ni Palais Garnier na je a Faris, da rana, kuma ban yi da-na-sani ba ko kaɗan. Akwai gidan da ginin shi ne wasan. An buɗe shi a 1875, kuma matakalar marmara da ke tsakiyarsa an yi ta ne don manyan gari su hau a hankali ana kallon tufafinsu. Da rana kana da lokacin da za ka tsaya ka ɗaga kai. Rufin zauren Marc Chagall ne ya zana shi a 1964, launuka ne masu haske da ba su yi kama da sauran ginin ba, har yau akwai masu ƙorafi a kai. Ni ya burge ni. Mai yi mana jagora ta ce a 1896 ɗaya daga cikin ƙarafan da ke riƙe nauyin babbar fitilar ya faɗo ya kashe wata mata, sai ga kowa yana matsawa gefe. A ƙarƙashin ginin kuma akwai ma'ajiyar ruwa da 'yan kwana-kwana ke atisaye a ciki. In za a kalli wasa a can a duba tikiti da kyau, domin tun 1989 suna da sabon gida, Bastille, kuma tsohon ya fi yawan rawar bale.

Dr. Sani:
Gyara kaɗan ga masu sayen tikiti mai araha. Tsofaffin zaurukan nan a lanƙwashe suke, ɗakunan gefe suna fuskantar juna, ba dandamali ba. A wani gida a Italiya an ba ni kujerar baya a ɗakin gefe, rabin dandamalin kawai nake gani, sai na miƙe na leƙa ta kan kafaɗar mutane. Idan aka rubuta cewa kujerar ba ta gani sosai, to da gaske ake. Gara can sama ta tsakiya. A La Scala ma a saman ne 'yan gani-kashe-nin opera ke zama, waɗanda in mawaƙi bai yi musu ba sai su yi masa ihu. A 2006 sun yi wa mawaƙi Roberto Alagna, ya fice daga dandamali ana tsakiyar wasan opera mai suna Aida. Sannan a je da wuri. In an fara wasa ba a buɗe wa kowa ƙofa sai lokacin hutu.

Abdul Azhari:
Tunda an ambaci Aida, bari in sa baki. A Alƙahira aka fara nuna ta, a 1871, a gidan operan da Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin, ya gina a 1869 lokacin buɗe mashigin Suwez. Da nake karatu a can na tafi neman ginin. Har yau sunan wurin Dandalin Opera, amma gidan ya ƙone ƙurmus a 1971, garejin ajiye motoci mai hawa-hawa ne a gurbinsa. Sabon yana tsibirin Jazira, Japan ce ta taimaka aka gina shi, aka buɗe a 1988. Maza sai da kwat da ɗaurin wuya ake shiga babban zaurensa.

Injiniya Bashir:
Gobara ce ajalin gidajen nan, katako ne da labule da fitilu. La Fenice ta Benis ta ƙone a 1836, ta sake ƙonewa a 1996, wannan karon wasu masu aikin lantarki biyu ne suka cinna. Wadda ake ziyarta yanzu a 2003 aka buɗe ta, an maido komai yadda yake. Ita ma La Scala an gina ta ne bayan wanda ya gabace ta ya ƙone a 1776.

Ummu Safwan:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Malam Nura ya rinjaye ni, amma a zaune. Zan nemi kujerar sama ta tsakiya kamar yadda Dakta ya ce, in rana ta ba ni dama in leƙa gidan tarihin. Saura tufafi. Doguwar riga da mayafi sun wadatar, ko sai an yi wata shiga ta daban?

Aunty Jummai:
Sun wadatar har da rara. Gajeren wando da singileti ne ba sa so. Ƙatuwar kwalliyar nan da kike gani a hotuna ta daren buɗe kakar wasa ce, ranar 7 ga Disamba. Ki dai ɗaura ɗankwali madaidaici saboda na bayanki ya ga wasa.