Tumatir mai bitamin D: zai iso Kadawa kuwa?

Baban Sadiya, Kadawa:
Assalamu alaikum jama'a. Ɗana da ke karatu a Zariya ya ce wai Turawa sun taɓa ƙwayar halittar tumatir har yana ɗauke da bitamin D. Ni noman rani nake yi, tumatir da albasa. Da gaske ne? In da gaske ne, zai jure zafinmu da tsutsar nan da ta cinye mana gonaki a 2016? Don ni tumatirin da zai ruɓe a kwando kafin ya kai Legas, ko zinare ne a cikinsa ba na so.

Ɗan Kura:
Wa alaikumus salam Baba. Da gaske ne. A 2022 masana a cibiyar John Innes da ke Norwich a Ingila suka yi shi da dabarar gyara ƙwayar halitta da ake kira CRISPR. Ba daga wata dabba suka ɗauko komai ba, ƙwayar halitta guda suka kashe, sai sinadarin da ke rikiɗewa ya zama bitamin D ya taru a 'ya'yan, ya ma fi taruwa a ganye. Amma sai an haska shi da haske irin na rana kafin ya rikiɗe. Sun ce bitamin D na tumatir guda ɗaya ya kai na ƙwai biyu. Maganar tsutsa kuwa, ba don ita aka yi shi ba. Kuma sai hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka taɓa ƙwayar halittarsa a Najeriya, ta yarda kafin a shuka shi a nan, kamar yadda aka yi da waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru.

Maman Khalifa, Hadejia:
Baba, ni a ɗakin shan magani nake aiki. Ranar da muke da ita ai kyauta ce, fata da kanta take haɗa bitamin D in hasken rana ya taɓa ta. Waɗanda nake tausayi su ne matan da ke yini a ɗaki da jariransu. Sannan yaran da ƙafafunsu ke gwamewa, binciken da aka yi a Jos ya nuna yawanci ƙarancin kalsiyam ne, sinadarin da ke gina ƙashi. Tuwo da miyar kuka safe da dare, ba nono ba kifi. Wannan tumatir ba zai miƙar da ƙafar ba.

Baban Sadiya, Kadawa:
Na gode 'yata, Allah ya yi albarka. Ɗan Kura, in hasken rana yake buƙata ai mu nan muka fi su, kowace shekara sai mun shanya kauɗa a bakin titi. Abin da ya rage min: in ya zo, zan iya ajiye iri daga gonata, ko kowace shekara sai na saya?