Hedfon ɗin Bluetooth yana yankewa a Linux, wa ya taɓa fama da wannan?

Ɗan Samaru: Salamu alaikum jama'a. Linux Mint ne a laftop ɗina. Hedfon sai ya yi awa guda lafiya lau, can sai sauti ya fara tsinkewa kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi, daga nan ya ɗauke ɗif. Jiya ina sauraron lacca ya yi min haka sau uku. A waya kuwa ko gezau.

Malamin Tudun Wada: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka taɓa komai, lura da lokacin da yake yankewa. Ni mako biyu na yi ina zargin hedfon, har na koma da shi shago a PZ ta Zariya. Mai shagon ya gwada a wayarsa, ya miƙo min yana murmushi. Ashe sai an ɗauke wuta abin ke faruwa. Wi-Fi na gida yana kan 5 GHz. In ya mutu sai in kunna na waya, shi kuma yana kan 2.4 GHz, zangon da Bluetooth ke bi. Ga shi laftop da yawa kati ɗaya ke ɗauke da su biyun. Na mayar da na wayar 5 GHz, magana ta ƙare.

Maman Gyallesu: Nawa daban ne. In na dakatar da karatu na je duba tukunya, kafin in dawo ya rabu da kwamfutar. Yayana ya ce Linux kan kwantar da na'urar Bluetooth don tattalin batir, wasu kuma ba sa farkawa daidai. Ya rubuta `options btusb enable_autosuspend=0` a wani fayil cikin /etc/modprobe.d, muka kashe muka kunna. Tun ranar bai sake ba.

Injiniyan Kongo: Hajiya, naki ya fi yawa a masu TLP, manhajar tattalin batir ta Linux, su kuma saka `USB_EXCLUDE_BTUSB=1` a saitinta ke musu magani. Ni ƙaramin abin Bluetooth na USB nake sakawa, na manna shi kusa da filashin USB 3.0. Da na fara kwafar fayil sai sauti ya rikice, domin USB 3.0 na fitar da hayaniya daidai wajen 2.4 GHz. Na mayar da shi ɗaya gefen laftop ɗin. Ko sisi ban kashe ba.

Ɗan Samaru: Malam, Wi-Fi ɗina 5 GHz ne, kuma da wuta da babu duk ɗaya.

Injiniyan Kongo: To buɗe tamina (Terminal, inda ake rubuta wa Linux umarni) ka bar `journalctl -f -u bluetooth` tana gudu, ka ga abin da za ta rubuta daidai lokacin da ya yanke. Akwai Windows a laftop ɗin? In ka haɗa hedfon a can, mabuɗin haɗin hedfon da Linux ta adana ya tashi aiki, sai ka sake haɗawa.

Maman Gyallesu: Kuma hedfon ɗin na haɗe da wayarka a lokacin? Wasu na riƙe na'ura biyu a tare.

Ɗan Samaru: Kai, Hajiya kin gano ni! Yana haɗe da wayar. Na lura yanzu, da saƙon WhatsApp ya shigo sai ya bar laftop ya koma can, kuma gurup ɗin 'yan ajinmu ba ya barci. Na kashe Bluetooth na wayar tun bayan la'asar, ga shi an kira isha'i bai yanke ba.

Malamin Tudun Wada: Bar shi ya kwana biyu tukuna, ka dawo mana da labari.