Hadari ya katse mana atisaye, wace ƙa'ida zan kafa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ke jagorantar atisayen ƙungiyarmu ta masu gudu. Jiya da yamma muna tsakiyar zagaya fili hadari ya taso, iska ta fara kwasar ƙura, sai ga walƙiya. Nan kai ya rabu. Wasu suka ce ruwa ba ya hana gudu, a ƙarasa. Wasu suka ruga gindin bishiya, sauran suka cunkushe a rumfar 'yan kallo. Na hura usur na sallami kowa, amma har yanzu akwai masu ganin na yi gaggawa tunda gasa ta matso. Akwai matasa a cikinmu da iyayensu suka ba ni amana. Yaushe ya wajaba a tsaya? Kuma mu rama atisayen?

Wani tsohon koci: Wa alaikumus salam. Malam, ba ka yi gaggawa ba. Ruwa kaɗai bai hana gudu, tsawa ce abin tsoro. In ka ga walƙiya fara ƙirga, don ƙara tana cin kusan kilomita 1 a daƙiƙa 3. Idan ka ji cida kafin ka kai 30, hadarin bai wuce kilomita 10 da ku ba, ku bar fili nan take. Ni dai ko ƙirgar ba na yi, da na ji rugugi an tashi. Ba a komawa sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Ka sanar da wannan tun kafin a fara ɗumama jiki, kada a tsaya gardama hadari na bisa kai.

Wata ma'aikaciyar jinya: Waɗanda suka fake a gindin bishiyar nan su ne hankalina ya tashi a kansu. Aradu ta fi faɗa wa abu mai tsayi, sannan wutar ta bi ƙasa ta sami na kusa. Rumfa marar bango ma ba mafaka ba ce. Ku shiga rufaffen gini, ko mota mai rufin ƙarfe a ɗaga gilasai. Allah ya kiyaye, in aradu ta sami wani, jikinsa ba ya riƙe wuta. A taɓa shi, a kira agaji, in ba ya numfashi a fara danna masa ƙirji.

Wani ɗan gudun fanfalaki: Batun ramuwa, a bar shi ya wuce. Rasa rana guda ba ta rage ƙarfi, amma jera atisaye mai nauyi kwana biyu a jere yana iya jawo ciwon gwiwa da ƙwauri. Ku ci gaba da jadawalinku daga inda yake.