Muhawara: Shin lissafin kwantum ya san gaba da baya?

Ɗan Samaru: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya da daddare a teburin mai shayi na ce lissafin Schrödinger, wato babban lissafin kwantum da ke bayyana halin ƙananan ƙwayoyin halitta irin su electron, bai bambance gaba da baya a lokaci ba, ko ka juya shi baya yana tafiya daidai. Na ƙara da cewa ƙwayoyi biyu da suka sarƙe, wato halin ɗaya ya ɗaure da na ɗayar, in ka auna ɗaya a Zariya, nan take ka san halin ɗayar ko tana Landan. Sai wani ya ce wai boko ya taɓa ni. A gaban ƙannena!

Malam Tudun Wada: "Nan take" ɗin nan ne ya ja maka. Ka sa sun ɗauka saƙo ke tafiya, alhali ba saƙon da ya fi haske gudu.

Ɗan Samaru: Malam, ban ce saƙo ba, sani na ce.

'Yar Kongo: In sani ne kawai, ai takalmi ne. Ka ga ƙafar dama a nan, ka san ta hagu ce a can.

Injiniya: Kusan haka masanan kimiyya Einstein da Podolsky da Rosen suka ɗauka a 1935. Bell ya zo a 1964 ya nuna ana iya gwadawa. In irin na takalmi ne, awon yadda sakamakon ƙwayoyin biyu ke dacewa da juna ba zai wuce 2 ba, kwantum kuwa yana kaiwa 2.83. Aspect ya gwada a 1982, ya wuce 2, har ya samu Nobel a 2022 tare da Clauser da Zeilinger. Ku 'yan harabar Kongo ta jami'ar ABU, masu karatun lauya, ku tsaya kan shari'arku.

'Yar Kongo: Yaya, ilimi gadon harabar Samaru ne? Ka janye wannan maganar.

Injiniya: Ba zan janye ba.

Baba Sabon Gari: Ni dai tambayata, in lissafin bai san gaba da baya ba, me ya hana madarar da aka zuba a shayi ta sake ware kanta? Ba nan Boltzmann, masanin da ya yi nazarin dalilin da ya sa abin da ya cakuɗe ba ya warewa da kansa, ya shigo ba?

Malam Tudun Wada: Baba, bari mu gama da "nan take" tukuna. Wa agogonsa ya ce nan take, na Zariya ko na Landan?

'Yar Kongo: Har yanzu ina jiran ya janye.

Admin: To, ya isa haka. Abin da na fahimta, malamina na Tudun Wada ne ke da gaskiya tun farko, "nan take" kuskure ne, Ɗan Samaru ya gyara bakinsa. Sauran duk surutu ne. Na rufe har bayan Isha'i.