Neman kalma: devotion, kafin Juma'a

Rifkatu: Salama, 'yan'uwa. Ina fassara ɗan littafin karatun safe na matasa, ranar Juma'a za a kai wa masu bugawa. Kalmar Turanci devotion ta tsaya mini a wuya. Ba taron addu'a marubucin ke nufi ba, yana maganar zuciyar da ta tsaya ga Almasihu ba waiwaye, ya kuma jingina da Ibraniyawa 12:2, ayar da ta ce mu zuba ido ga Yesu.

Dauda: Ibada mana.

Rifkatu: Na gwada. Yarinyar da na ba ta karanta ta ɗauka zuwa coci ranar Lahadi ake nufi. Sujada ma haka, lokacin taro ce a allon sanarwa.

Saratu: Bimbini fa?

Dauda: A coci za a gane. A waje kuwa, mai bimbini shi ne wanda ke ta nanata abin da ya dame shi har a gaji da shi.

Baba Yakubu: Ibada, sujada, duk aron Larabci. Ga tawa: kafido, daga kafa ido. Kalmar Helenanci a ayar Ibraniyawan, aforontes, tana nufin a ɗauke ido daga komai a kafa shi kan abu guda. Bitrus bai fara nutsewa ba sai da ya ga ƙarfin iska, Matiyu 14:30.

Saratu: Baba, da girmanka, addu'a ma Larabci ce, littafi ma haka. Tun 1932 da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa muke karatu da su. Kafido kuma sai ka ce sunan maganin ciwon ido.

Baba Yakubu: Ku yi dariya. Ku ne 'ya'yanku ke cewa "mu yi dibosho", don Hausa kunya take ba su.

Dauda: Ba kunya ba ce, Baba, makaranta ce. Kuma ban ga mai Turanci yana jin kunyar kalmar ba, alhali daga Latin ya aro ta.

Rifkatu: Jama'a, Juma'a fa!

Fasto Ishaya: 'Yata, gwada duƙufa. A Latin ɗin da Dauda ya ambata, tushen kalmar wa'adi ne, mutum ya ba da kansa ɗungum. Wanda ya duƙufa ko an kira shi ba ya ɗagowa, kamar Maryamu 'yar'uwar Marta, da ta zauna tana sauraron Yesu a Luka 10:39.

Saratu: Ai Marta ma ta duƙufa, Fasto, ga tukunya.

Fasto Ishaya: Kin kama ni. To kada a bar ta tsirara, kullum a ce duƙufa ga Almasihu.

Rifkatu: Ta yi tsawo a matsayin kan magana. Can zan sa "Zuba ido ga Yesu", a cikin rubutu kuma duƙufa ga Almasihu. Wuri biyu da marubucin yake nufin lokacin karatun safen ban san yadda zan yi ba tukuna.

Baba Yakubu: Kin koma ga idon dai. Zuba ido jira ne, kafa ido shi ne aikin. Amma littafinki ne.